Dan Allah ya zan riƙa ganin saƙonnin wayata a kan kwamfuta ba sai na jona kebul ba?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Masana dan Allah ina neman shawara. Shagon buga takardu da fotokwafi gare ni, yawancin masu zuwa ɗalibai ne kuma yanzu kowa tiransifa yake yi ko da na fotokwafin shafi biyu ne. To wayar kullum tana can kan kanta a jikin caji, ni kuma ina gaban kwamfuta ina buga wa wani aiki, da an ce Oga na tura sai na miƙe na je na duba na dawo na nemi layin da na tsaya, haka nake wuni. Na ga wani yaro saƙo yana faɗo masa a gefen sikirin ɗin laftof har ya mayar da amsa bai taɓa wayar ba, kuma ba kebul a jiki. Irin wannan nake so. Tawa kwamfutar tebur ce mai Windows 10, wayar kuma Android. Amma fa abin da ba zai cinye min data ba.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ai abin yana cikin kwamfutarka ma tuntuni Abban Sadiq, ka danna wurin bincike ka rubuta Phone Link za ka gan shi, in tsohon suna ne a taka za ka ga Your Phone, a 2022 suka canza masa suna. A wayar kuma ka sauke Link to Windows, masu Samsung da yawa ma da shi wayar take zuwa. Zai nuna maka wani hoton QR ka haska da kyamara shikenan. Ni da shi nake aiki a ofis, ina lissafi a Excel masu sayen atamfa suna min magana ina ba su amsa daga nan, har kira ina ɗauka ta kwamfutar in na kunna Bluetooth.

Dan Linux:
Hajiya ta faɗi gaskiya yana aiki, amma ku duba sharaɗin da ya kafa, cewa ya yi data. Phone Link sai ka shiga da akawun ɗin Microsoft a wayar da kwamfutar, kuma yana son intanet. Oga ni shawarata KDE Connect, kyauta ne, ba talla, ba buɗe akawun, kuma ba ruwansa da intanet kwata-kwata, abin da yake buƙata kawai wayar da kwamfutar su kasance a kan Wi-Fi ɗaya, saƙon daga wayar yake tafiya kai tsaye zuwa kwamfutar a kulle, ba ya fita ya je wata sabar wani kamfani a Amurka ya dawo. Mutanen Linux ne suka fara shi a 2013, wani Albert Vaca ne ya assasa shi, amma yanzu akwai na Windows a Microsoft Store, na wayar kuma yana Play Store. Ka sa a duka biyun, ka buɗe, za ka ga sunan kwamfutar a wayar, ka danna neman haɗi, kwamfutar za ta tambaye ka ka amince, akwai wasu lambobi da haruffa da za su fito a ɓangarorin biyu ka tabbatar iri ɗaya ne kafin ka amince. Bayan nan ka ba shi izinin karanta notifikeshin. Ƙarin da za ka samu kuma wanda na san zai yi maka amfani a shago, ɗalibi ya turo maka fayil ta WhatsApp sai ka cilla shi kwamfutar ta nan ba sai ka nemi filash ba, zai nuna maka yawan cajin wayar, in ka rasa inda ka ajiye ta ka danna ta yi ƙara.

Abban Sadiq:
Nagode sosai. Amma ni ba ni da rawuta a shagon, kuma ina ga kamar kwamfutar ma ba ta kama Wi-Fi.

Injiniya Farm Centre:
Yawancin na tebur ɗin nan da ake kawowa kwance ba sa zuwa da shi Oga. Ka sayi ɗan ƙaramin adafta na Wi-Fi da ake sokawa a USB, bai kai ɗan yatsa ba, duk kasuwar waya ana samu. Ka karɓi wanda ya zo da direbansa ko ka je da kwamfutar a gwada maka a wurin. Rawuta kuma ba dole ba ne, kunna hotsufot na wayar ka jona kwamfutar a kai, sun zama kan layi ɗaya kenan. In adaftan bai ga hotsufot ɗin ba ka shiga setin ɗinsa ka mayar da shi 2.4 GHz, masu arhar nan da yawa ba sa ganin 5.

Sai dai zan gaya maka abin da nake gani a teburin gyara. Waya tana jikin caji tun safe, hotsufot a kunne, ga zafin bazara ga shago mai rufin kwano ga injin fotokwafi yana huci a gefe, batir ɗin kumbura yake yi har ya ɗago murfin baya, wani ma har sikirin yake turowa. In za ka yi haka ka cire mata kondom ɗin roba, kar ka ɗora ta kan injin, in ta cika ka zare cajar. In da hali ma ka nemi tsohuwar MiFi ko da ba sim a ciki ka jona su duka biyun a kai.

Maman Ilham:
To ai kun ga abin da nake gudu kenan, a sayi wannan a saita wancan. Mutum yana neman sauƙi ne. Kuma maganar data da ake ta yi, rubutun notifikeshin nawa yake ci? Ni ban taɓa jin ya yi min illa ba.

Dan Linux:
Adaftan nan ko Phone Link zai yi sai ya saya Hajiya, tunda kwamfutar ba ta da hanyar hawa intanet. Kuma na yarda rubutun ba ya cin komai, ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron Windows ɗin kansa ne, kwamfutar da ta daɗe ba ta ga intanet ba ranar da ka jona ta a hotsufot za ta hau sauke ofdet ta kwashe datar wata guda kafin azahar. Oga da ka jona ka shiga bayanan wannan Wi-Fi ɗin ka kunna inda aka rubuta Metered connection, shi ne zai sa Windows ya rage cin datar. Da KDE Connect kuwa kana iya kashe datar gaba ɗaya ka bar hotsufot a kunne, alat ɗin banki da yake zuwa ta SMS zai ci gaba da faɗowa a kwamfutar, na WhatsApp ne kawai ba zai zo ba tunda ita wayar ma bai shigo mata ba.

Baba Akanta:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma yaran nan sun san aikinsu, Allah ya ƙara basira. Amma ni akwai abin da ya tsaya min a rai wanda ba wanda ya taɓo. Abban Sadiq, kwamfutar nan kai kaɗai kake zama a gabanta? Na san irin shagunan nan. Ɗalibi yana tsaye a bayanka yana nuna maka inda za a gyara a takardarsa, idonsa a kan sikirin ɗin. Wani ma ka tashi ka ba shi kujerar ya cike fom da kansa. To alat ya faɗo, ga sunan bankinka ga abin da ya shigo ga ragowar kuɗin da ke cikin asusun, duk a fili. Wannan ma da sauƙi. Lambar OTP fa? Ita ma ta SMS take zuwa. Wanda ya riga ya san lambar katinka abin da ya rage masa kenan, kai kuma ka kawo ta ka baje a allon da ya fi kowane girma a shagon.

Na biyu, kuma wannan ina roƙonka ka riƙe shi. Ganin alat ba shi ne shigar kuɗi ba. Masu alat ɗin bogi suna tura saƙo da sunan banki ya shiga cikin jerin saƙonnin bankin na gaskiya, a wayar ma sai mai lura yake ganewa, balle a ɗan akwatin da zai leƙo a gefen kwamfuta ya ɓace kana tsakiyar aiki. Na fotokwafin shafi biyu ba komai, amma wanda ya buga furojet guda ya yi bandin kwafi huɗu, wannan ka buɗe manhajar bankin ka ga kuɗin sun zauna tukuna.

Abban Sadiq:
Wallahi Baba ka yi gaskiya, yara biyu ne suke taya ni kuma ɗalibai na zama a kai sosai lokacin rajista. To kenan na haƙura?

Dan Linux:
A'a kar ka haƙura, abin da Baba ya faɗa gyara ne ba hani ba. A cikin KDE Connect na wayar ka shiga setin ɗin filogin na notifikeshin, wato ɓangaren da yake kula da sanarwa, zai jero maka duk manhajojin da ke wayar, ka cire alamar a kan kowa ka bar wanda kake so kaɗai. Kuma akwai zaɓin sirri ga kowace manhaja, kana iya cewa a ɓoye abin da ke cikin saƙon, sai kwamfutar ta nuna maka cewa saƙo ya shigo daga manhaja kaza amma ba za ta nuna rubutun ba. Ni da ni ne kai ga yadda zan yi, manhajar SMS na cire ta gaba ɗaya, na kashe filogin ɗin SMS ma don shi daban yake kuma yana iya buɗe tsofaffin saƙonni a kwamfutar, sai na buɗe asusu guda na shago kawai wanda manhajarsa take turo sanarwar shigar kuɗi, shi kaɗai zan bari yana fitowa, da yamma na kwashe kuɗin zuwa babban asusu. Ka ga ko an gani cinikin yini ɗaya aka gani.

Maman Ilham:
Wannan zaɓen manhajojin a Phone Link ma akwai shi, kar a ɗauka can ne kawai. Cikin setin ɗinsa wurin notifikeshin za ka kashe na duk wadda ba ka so. Kuma duk wanda zai tashi daga gaban kwamfuta ko fitsari zai je ya danna maɓallin Windows da L tare, ta kulle. Ni yanzu hannuna da kansa yake yi.

Injiniya Farm Centre:
Ƙarin bayani kan maganar Baba, su Google ma sun gane matsalar. Daga Android 15 wayar tana gane saƙon da yake ɗauke da lambar OTP ta ɓoye rubutunsa daga irin waɗannan manhajojin, sai ka ga a kwamfutar an rubuta an ɓoye abin da ke ciki. Mutane suna kawo min suna cewa abin ya lalace, ba lalacewa ba ce da gangan aka yi. Amma mu nan wayoyi nawa ne suke kan 15? Da yawa daga abin da ke hannun mutane ba su kai 15 ba, don haka kar kowa ya dogara da wannan.

Baba Akanta:
Madalla. In dai za a raba asusun kuma a cire SMS to hankalina ya ɗan kwanta. Amma maganar duba manhajar banki kafin a miƙa kaya tana nan ban janye ba.

Abban Sadiq:
Jama'a na samo adaftan, kwamfutar ta hau hotsufot lafiya lau, na sa KDE Connect a duka biyun amma wayar tana ta cewa ba ta ga kowace na'ura ba. Na kashe na kunna, shiru.

Dan Linux:
Fayawol ne kusan kullum, wato mai gadin da yake tsare ƙofofin shiga kwamfutar. Lokacin da ka jona Wi-Fi ɗin Windows ya ɗauke shi a matsayin na jama'a, Public, shi kuma in ya ɗauka haka toshe ƙofofin yake yi kar wani ya gan ka. Shiga bayanan Wi-Fi ɗin ka mayar da shi Private. In har yanzu bai fito ba ka duba ko akwai wani antibairos da yake da nasa fayawol ɗin, KDE Connect yana amfani da ƙofofi daga 1714 zuwa 1764, TCP da UDP, su ake buɗe masa. In akwai VPN a kunne a wayar ko kwamfutar ka kashe. Na ƙarshe in duk sun ƙi, a hotsufot wani lokacin ba sa jin kiran junansu, sai ka buɗe cmd a kwamfutar ka rubuta ipconfig ka kwafi lambar da ke gaban IPv4, ka je manhajar wayar ka danna ɗigo ukun nan na sama akwai wurin ƙara na'ura da lambar IP ka zuba ta.

Abban Sadiq:
Private ɗin ne! Ina canzawa sunan ya fito. Na sa yarona ya turo min saƙo ya faɗo a ƙasan sikirin ta dama har da wurin rubuta amsa. Allah ya saka da alheri. Sai dai na lura in wayar ta ɗan jima a ajiye sikirin a kashe sai abin ya yanke, sai na ɗauke ta na buɗe manhajar sannan saƙonnin su zubo gaba ɗaya.

Injiniya Farm Centre:
Yauwa, dama nan nake jira a zo, don wannan shi ne ainihin abin da yake sa mutane su goge manhajar su ce ba ta aiki, kuma ko Phone Link ne ko Pushbullet ko wanne ne haka zai yi. Wayoyin yanzu an gina su ne su riƙa kashe duk abin da yake aiki a bayan fage don batir ya daɗe, ita wayar ba ta san kai kana so wannan ya zauna a farke ba. Abu uku za ka yi. Ka danne alamar manhajar ka shiga bayananta, wurin batir ka zaɓi kar a taƙaita ta. Sannan ka nemi wurin da ake ba manhaja izinin tashi da kanta, a Tecno da Infinix yana cikin Phone Master, a Redmi Autostart suke ce masa. Sannan ka buɗe jerin manhajojin da ka buɗe kwanan nan ka sa mata ɗan kwaɗon nan don kar a share ta in an danna goge duka. Kuma ka daina danna bustan nan na share RAM, kar ka kunna yanayin tanadin batir in kana shago. Akwai wani shafi ma dontkillmyapp da ya jera yadda ake yi a kowane irin waya.

Na Maraɗi:
Ina gaisuwa daga Maraɗi 'yan uwa. Ni ma na gwada a wajen aikinmu, komai ya haɗu, fayil yana tafiya, amma da na zo ba shi izinin saƙonnin sai salular ta ce wannan abu babu shi a wagga na'ura. Android Go ce. Mi za ni yi? Ba matsalar rezo ba ce don rezo na nan lafiya.

Injiniya Farm Centre:
Malam ba laifinka ba ne ba kuma na manhajar ba. Ƙananan wayoyin nan masu ɗan RAM da suke kan Android 10 zuwa ƙasa, Google ne da kansa ya rufe wannan izinin a cikinsu, ba wani setin da zai buɗe shi. In WhatsApp ne damuwarka ka yi amfani da WhatsApp Web ko manhajarsa ta kwamfuta, shi ba ya bi ta wannan hanyar, kana iya jona na'ura har huɗu kuma ko wayar ba ta kan layi yana aiki, sai in ta yi kwana 14 ba a buɗe shi a wayar ba ne zai fitar da kai. In SMS ne ka gwada Google Messages, yana da nasa shafin na kwamfuta, amma shi sai da intanet a duka biyun.

Na Maraɗi:
To madalla, na gode Malam, WhatsApp ɗin ma ya ishe ni.

Ummin Haidar:
Mu masu iPhone fa an manta da mu? Laftof ɗina HP ne.

Dan Linux:
Aunty ku naku da ɗan wuya, Apple ba ya barin wata manhaja ta karanta notifikeshin ɗin wata, shi ya sa KDE Connect na iPhone tura fayil da rubutun da aka kwafa zai iya amma wannan ba zai iya ba. A nan kam Phone Link ne mafita, tun 2023 suka sa masa iPhone a Windows 11, amma ta Bluetooth yake bi don haka wayar sai tana kusa. Za ki ga sanarwa, ki yi kira, ki tura saƙo, amma ba ya tura hoto a cikin saƙo, ba ya shiga saƙon rukuni, kuma tsofaffin hirarraki ba sa fitowa. Wanda yake da Mac shi ne ya more, daga macOS Sequoia da iOS 18 a 2024 wayar gaba ɗayanta take fitowa a sikirin da sanarwarta.

Maman Ilham:
Alhamdulillah yau Dan Linux da bakinsa ya ce Phone Link ne mafita.

Dan Linux:
A iPhone na ce Hajiya. A Android ina nan kan bakana, abin da zai iya tsayawa cikin ɗaki ban ga dalilin da zai sa ya bi ta hannun kamfani ba.

Maman Ilham:
Ni kuma dalilina shi ne Wi-Fi ɗin ofis ɗinmu. Wani abokin aiki ya gwada naka ya ƙi, masu kula da intanet ɗin suka ce an saita shi ne na'urori ba sa ganin junansu, kuma ba za su buɗe ba. Nawa kuwa yana aiki, ko na manta wayar a mota da datarta a kunne saƙon yana iso ni. Kowanne da inda ya fi dacewa.

Dan Linux:
Wannan gaskiya ne, Wi-Fi na ofis da otal da makaranta da yawa haka suke, a irin wurin nan KDE Connect ba zai yi ba sai dai hotsufot.

Malama Hauwa:
Ni jan hankali zan yi ga malamai da masu gabatar da bayani a taro. Na halarci wata bita, mai jawabin ya jona laftof ɗinsa da majigi, muna cikin sauraro saƙon iyalinsa ya faɗo a bango ƙato, maganar rashin lafiyar mahaifiyarsa ce da kuɗin magani, zaure cike da mutane kowa ya karanta kafin ya kai hannu. Bawan Allah nan ya ƙarasa jawabin amma muryarsa ta canza, wallahi har yanzu in na tuna sai na ji ba daɗi. A Windows akwai inda ake sa shi ya yi shiru da sanarwa da kansa in an haɗa da majigi, a 10 Focus assist ne a 11 kuma Do not disturb, ku duba ku tabbatar a kunne yake, ko kawai ku raba wayar da kwamfutar kafin ku hau mumbari.

Bawan Allah 77:
Slm. Tambaya gare ni dan Allah kar a fahimce ni ba daidai ba. In na sa wannan abin a wayar matata zan riƙa ganin saƙonninta a laftof ɗina ba tare da ta sani ba? Akwai abin da nake zargi ne.

Malama Hauwa:
Subhanallah. Malam ka ji tsoron Allah. Aya ta 12 a Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin sirrin mutane ita ce dai ta fara da hana yawan zato, kuma ba a cire miji daga ciki ba. Kuma ba sirrinta kaɗai za ka buɗe ba, 'yar uwarta da ta kawo mata kukan gidanta, ƙawarta da ta gaya mata ciwon da take ɓoyewa, duk za ka karanta, su da wane laifin?

Bawan Allah 77:
Malama ni na sayi wayar kuma a ƙarƙashina take, ina da haƙƙin sanin abin da ke faruwa a gidana.

Baba Akanta:
Ɗana, saurare ni. Haƙƙin da kake da shi shi ne ka zaunar da ita ka tambaye ta, in abin ya fi ƙarfinku ka kira waliyyinta ko wani babba da kuke jin nauyinsa ku duka. Notifikeshin guntun magana ne, layi ɗaya ba farko ba ƙarshe, za ka ga an rubuto ina jiranki ka kwana ba ka yi barci ba alhali telarta ce. Wanda ya shiga da zargi duk abin da ya gani zargin zai ƙara masa. Kuma ranar da ta gane, don za ta gane, ko ba ta da laifin komai ka riga ka rusa yardar da ke tsakaninku, kuma kai za a ba rashin gaskiya a gaban manya.

Injiniya Farm Centre:
Ni dai ana zuwar min da irin wannan a shago, maza da mata, ba na yi kuma yarana na hana su. Ba wanda zai koya maka a nan.

Admin:
An rufe wannan ɓangaren. Duk wanda ya kawo bayanin yadda ake leƙen wayar wani za a goge kuma a cire shi. A ci gaba da maganar da aka faro.

Ummin Haidar:
Admin a yi haƙuri, ba leƙen nake tambaya ba, akasinsa. Maganar nan ta tayar min da hankali, ƙanwata Android take riƙewa kuma kwanaki ta kai ta gyara ta kwana a can. Ya mutum zai gane ko an jona wayarsa da wata kwamfutar?

Injiniya Farm Centre:
Tambaya mai kyau Hajiya, kowa ma ya duba tasa yanzu. Ta shiga setin, a wurin bincike na sama ta rubuta Notification access, a wasu wayoyin Device and app notifications aka rubuta. Zai kawo jerin duk manhajojin da aka ba izinin karanta sanarwa. Abin da ya kamata ta gani a wurin kaɗan ne, irin manhajar agogon hannu in tana da shi, ko Android Auto, ko lanca, wato manhajar fuskar wayar. Duk sunan da ba ta gane ba ta kashe izinin sannan ta nemo manhajar ta goge. Ta leƙa Accessibility ma haka, don miyagun manhajoji sun fi son nan. Sai WhatsApp, ta danna ɗigo uku ta shiga Linked devices, duk na'urar da ba tata ba ta fitar da ita, Telegram ma yana da nasa a ƙarƙashin Devices. Daga Android 13 in manhajar ba daga Play Store aka sauke ta ba wayar tana toshe waɗannan izinin sai an bi ta wata hanya an buɗe da hannu, to wanda ya riƙe wayar a buɗe yana iya yi, shi ya sa in za a kai gyaran sikirin ko wurin caji ba dalilin da zai sa a ba mai gyara fin, in ya ce sai ya gwada a tsaya a buɗe masa a gwada a gabanki.

Ummin Haidar:
Ta duba, ta ce akwai guda ɗaya mai sunan agogonta sai wani kuma da ba shi da hoto an rubuta System Service.

Injiniya Farm Centre:
Na agogon ta bar shi. Ɗayan kar ta goge tukuna, ta kashe masa izinin yanzu, ta danna shi ta shiga bayanansa ta gangara ƙasa ta ga ko an rubuta daga ina aka sauke shi, in kuma akwai maɓallin gogewa a jikinsa to ba da shi wayar ta zo ba, sa shi aka yi. Ta ɗauki hoton shafin ki turo nan mu gani, kafin nan ta canza fin ɗin wayar da faswod ɗin imel da na manhajar banki, kuma ta wata wayar za ta canza su ba ta wannan ba.